Idan Dandali Ya Ce Bai Ga Ma'ajiyarka Ba: Yadda Ake Shigo da Kod Mai Kulle Daga GitHub

Akwai kuskuren da masu koyon rubuta manhaja suke ta maimaitawa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan jagorar. Yaro ya yi aikinsa, ya ajiye a GitHub cikin ma'ajiya mai kulle. Ya tafi Replit ko Google Colab ko Vercel zai jawo aikin, sai dandalin ya ce masa "Repository not found". Ya sake dannawa, amsa ɗaya. Ya kashe data ya kunna, ba canji. Idan ransa ya ɓaci sai ya koma GitHub ya cire kullen, ya mayar da ma'ajiyar ta kowa da kowa, ya jawo, ta shigo, ya yi hamdala ya ci gaba da harkarsa. Wani kuma tokin ɗinsa, wato mabuɗin shiga ma'ajiyarsa, zai kwafa ya tura wa abokinsa ta WhatsApp, ya ce a taimaka masa.

Duka biyun ina ganinsu a nan Daurawa da Gyadi-Gyadi, a wurin matasan da muke zama da su muna koyon aikin. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin koyar da fasaha na 3MTT a 2023 masu sha'awar harkar suka ƙaru a Kano, ga kuma 'yan BUK da 'yan Poly masu furojet ɗin kammala karatu. Da yawansu ba su da laftof mai ƙarfi, wasu ma da waya suke koyo, don haka dandalin intanet ya zame musu mafita: kod ɗin a injin kamfanin yake gudana, kai burauza kawai kake buƙata. Sai dai abin da ke cikin ma'ajiyar sau da yawa ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai mabuɗin sirri na asusun karɓar kuɗi na Paystack na mai shagon da ya ba ka aiki, akwai kalmar sirrin rumbun bayanan wata Islamiyya, akwai lambobin wayar iyayen yara. Wanda ya cire kulle don aiki ya shigo, amanar mutane ya tozarta. Akwai manhajojin da ba su da wani aiki dare da rana sai leƙa abin da aka buɗe a GitHub suna neman mabuɗai, kuma 'yan mintuna sun ishe su.

Kafin mu shiga matakai, ka fahimci saƙon kansa. GitHub da gangan yake ba da wannan amsa. Idan wanda ba shi da izini ya tambayi ma'ajiya mai kulle, ba ya ce masa tana nan amma an hana ka. Cewa yake babu ita kwata-kwata, ya ba shi lamba 404, kamar maigadin da aka umarta ya ce wa duk baƙon da bai sani ba babu mai wannan suna a gidan. Manufar ita ce kada mai leƙe ya san ko da sunan aikin da kake yi. Saboda haka galibi ma'ajiyarka tana nan lafiya lau, mai tambayar ne ba a sani ba. Kuma mai tambayar ba kai ba ne, dandalin ne, daga sabarsa da ke wata ƙasa. Izinin da kake da shi bai zama nasa ba sai ka ba shi a fili.

Abin da za ka tanada

- Sunan akawun ɗinka na GitHub, ba imel kaɗai ba, da kalmar sirrinsa.
- Wayar da manhajar tabbatar da shiga take ciki. Tun Maris 2023 GitHub ya fara wajabta tabbatarwa ta mataki biyu ga masu ajiye kod. Yana ba da lambobin ceto guda 16; ka rubuta su a takarda ka adana a gida. Ba sau ɗaya ba na ga wanda ya kai wayarsa kasuwar waya ta Farm Centre aka yi mata filashin, ko ya sauya ta da wata, manhajar ta tafi, akawun ya rufe masa.
- Burauza irin Chrome ko Firefox. Burauzoji masu matse data suna karya shafukan ba da izini.
- Caji da data da za su kai ka ƙarshen aikin, kada wuta ta ɗauke kana tsakiyar ba da izini.
- Lambar wayar mai ma'ajiyar, idan ba taka ba ce. Akwai ƙofofin da shi kaɗai zai iya buɗewa.

Ka bi matakan a jere. Na tsara su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma kowane yana rufe wata ƙofar zato kafin ka shiga ta gaba.

1. Tabbatar da wane ne ya shiga

Buɗe github.com, danna hoton da ke sama ta dama, karanta sunan da ke wurin. Sannan ka je saitin dandalin, ka nemi inda ya nuna akawun ɗin GitHub da aka haɗa shi da shi. Sunayen biyu dole su zama ɗaya.

Kada ka raina wannan matakin. A wurinmu laftof ɗaya mutum uku ko huɗu ke amfani da ita, ga masu aiki a bizines santa. Wani yaro ya taɓa zuwa mini fuska a murtuke ya ce, "Malam, wallahi tun la'asar nake fama, aikin nan nawa ne, ga shi ina gani a wayata." Muka duba laftof ɗin, ashe akawun ɗin yayansa ne a buɗe a burauzar, kuma lokacin da dandalin ya nemi izini shi ya tarar ya ɗauka ba tare da ya tambayi kowa ba. Haka dandali yake yi: akawun ɗin da ya samu a buɗe shi yake kamawa. Maganin shi ne ka cire haɗin daga saitin dandalin, ka fita daga GitHub, ka shiga da naka, ka sake haɗawa. Idan kwamfutar ba taka ba ce, yi komai a tagar sirri ta burauza, ka rufe ta idan ka gama.

Idan lambar tabbatarwa tana ƙin shiga alhali daidai kake rubuta ta, duba agogon wayarka. Lambobin nan da lokaci ake lissafa su, kowace daƙiƙa 30 take yi. Agogon da aka saita da hannu ya yi gaba ko baya zai riƙa ba ka lambar da ba ta aiki. Mayar da shi kan saitin da ke ɗaukar lokaci daga sabis.

2. Kai kanka kana iya buɗe ta?

Rubuta adireshin ma'ajiyar a burauza kana cikin akawun ɗinka. Siffarsa ita ce github.com, sai sunan mai ita, sai sunan ma'ajiyar. Idan kai ma 404 ka gani, to dandalin ba shi da laifi, kada ka ɓata lokaci a kansa.

Abu uku ke jawo haka. Na farko adireshin ne ya gurɓata: an turo shi ta WhatsApp da ɗigo manne a ƙarshe, ko an sa layin tsakiya a inda layin ƙasa yake. Ka ɗauko shi daga tushe, wato koren maɓallin Code da ke shafin ma'ajiyar, kada ka kwafo daga saman burauza lokacin da kake cikin wata folda, domin wannan yana ɗauke da ƙarin /tree/main da wasu dandamali ba sa ganewa. Na biyu, an gayyace ka amma ba ka amsa ba. Mai ma'ajiya zai rantse ya sa ka, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai gayyata ba ta zama izini sai ka danna Accept invitation, kuma kwana 7 take yi ta mutu. Duba imel ɗinka har da foldar tarkace. Idan ta mutu, a sake turowa. Na uku, an mayar da ma'ajiyar hannun wata ƙungiya, izininka bai bi ta ba.

Idan ta buɗe, duba ko akwai fayiloli a ciki. Ma'ajiyar da aka ƙirƙira ba a taɓa tura mata komai ba, ba abin da za a jawo daga cikinta.

3. Izinin dandalin

A nan mafi yawan matsalar take, don haka zan ɗan tsaya.

Shiga dandali da maɓallin "Continue with GitHub" bai ba shi damar karanta ma'ajiyarka mai kulle ba. Wannan shigar sau da yawa sunanka da imel ɗinka kawai take nuna masa. Izinin karanta kod daban ake neman sa, kuma hanya biyu ce.

Hanya ta farko ita ce wadda GitHub ke kira OAuth App. A nan dandali yana aiki da sunanka, iyakar abin da ka amince masa. Idan ka amince da na buɗe kawai, ba zai ga na kulle ba. Google Colab misali ne mai kyau: idan ka je buɗe littafin aiki daga GitHub, akwai ɗan akwati da aka rubuta "Include private repos". Sai ka sa masa alama sannan taga ta buɗe a nemi ƙarin izini. Mutane da yawa ba sa ma lura da akwatin.

Hanya ta biyu ita ce GitHub App, irin wadda Vercel ke amfani da ita. Wannan girka ta ake yi a kan akawun, kuma lokacin girkawa ana tambayarka: All repositories ko Only select repositories. Wato duka ma'ajiyoyinka, ko waɗanda ka zaɓa. Wanda ya zaɓi na biyu watanni da suka wuce, ya sa ma'ajiya ɗaya, yau ya ƙirƙiri sabuwa, to sabuwar ba ta cikin jerin, kuma dandalin ba zai gan ta ba ko da za a kwana ana dannawa.

Ga gyaran. A GitHub shiga Settings, ka sauka zuwa Applications. Za ka ga shafuka, ciki har da Installed GitHub Apps da Authorized OAuth Apps. Idan dandalin yana na farkon, danna Configure, ka sauka zuwa Repository access, ka ƙara ma'ajiyar, ka danna Save. Mutane suna ƙarawa su manta da Save. Idan yana na biyun, danna sunansa ka karanta abin da aka ba shi. Idan babu maganar ma'ajiya mai kulle a ciki, danna Revoke, ka koma dandalin ka sake haɗawa, wannan karon ka karanta shafin kafin ka danna koren maɓalli.

Za ka ji zuciyarka tana raya maka ka zaɓi All repositories ka huta. Ni ban yarda da wannan ba, musamman ga mai riƙe da aikin mutane. A Afrilu 2022 GitHub ya sanar cewa an sace tokin ɗin da aka bai wa dandamalin Heroku da Travis CI, ɓarayin suka yi amfani da su suka kwashe ma'ajiyoyi masu kulle na ƙungiyoyi da dama, har da na npm. Waɗanda abin ya shafa ba su yi sakaci da kalmar sirrinsu ba, izinin da suka bai wa wani ne aka bi ta kansa. Iyakar abin da ka buɗe wa dandali, iyakar abin da za a iya ɗauka ke nan ranar da aka fasa shi. Ƙara ma'ajiya ɗaya da hannu bai kai minti guda ba.

Ga masu waya: shafin izini a sabuwar taga yake buɗewa, kuma burauza tana iya toshe ta ba ka sani ba. Idan ka danna ka ga shiru, duba saman allo ko an ce an toshe taga, ka ba ta dama. Kunna Desktop site ma yana taimakawa, domin wasu maɓallan ba sa fitowa a ƙaramin allo. Kuma kada ka yi wannan aikin a burauzar da ke buɗewa cikin Facebook ko wata manhaja.

4. Idan ma'ajiyar ta ƙungiya ce

Kalli sunan farko a adireshin. Idan na kamfani ne ko na cibiyar da kake koyo, ba na mutum ba, akwai ƙofa ta biyu. Sabuwar ƙungiya a GitHub tana zuwa ne da takunkumi a kan manhajojin waje, ko da kai cikakken mamba ne. A shafin ba da izini, ƙasa, akwai Organization access. Idan ka ga Request a gaban sunan ƙungiyar, danna shi, sannan ka kira shugaban ƙungiyar ya amince daga nasa ɓangaren. Idan kai ne shugaban, Grant za ka gani. GitHub App kuma a kan ƙungiyar za a girka ta, wadda ka girka a akawun ɗinka ba ta shafe ta ba.

Ka kira mutumin a waya ko ka je ka same shi. Saƙon da GitHub ke tura masa ta imel yana iya kwana bai gani ba. Kuma kada ka zagaye shi ta hanyar kwafe kod ɗin zuwa akawun ɗinka. Takunkumin da gangan aka sa shi, kuma kod ɗin kamfani ba naka ba ne da za ka kai inda ka ga dama.

Wani lokaci kuma ba izini ba ne, tsarin kuɗi ne. Vercel, alal misali, ba ya barin akawun ɗin kyauta na Hobby ya ɗora aiki daga ma'ajiya mai kulle ta ƙungiya. Karanta saƙon da kyau. Idan maganar tsari yake yi, ba saitin da zai gyara.

5. Gwada da hannu, ka karanta amsar

Idan har yanzu shiru, bar maɓallin shigowa. Buɗe fili marar komai a dandalin, ka nemi allon umarni, wanda ake rubuta wa Shell ko Terminal, ka rubuta:

git ls-remote https://github.com/mai-ita/sunan-maajiya.git

Wannan umarnin ba ya sauke komai, tambaya kawai yake yi, don haka ba ya cin data. Amfaninsa shi ne maɓalli yana ɓoye ainihin amsar GitHub, shi kuwa allon umarni yana nuna ta ƙarara.

Zai tambaye ka Username, sannan Password. A nan sababbi ke faɗawa rami, su rubuta kalmar sirrin akawun. GitHub ya daina karɓar ta a wannan wurin tun 13 ga Agusta 2021, amma tsofaffin bidiyon YouTube da yara ke koyo da su suna nan suna koyar da tsohuwar hanya. Abin da ake sawa yanzu shi ne tokin, wani dogon mabuɗi da kake ƙirƙira don aiki ɗaya, mai iyaka, mai wa'adi, wanda za ka iya kashewa ba tare da ka taɓa akawun ɗinka ba.

A GitHub shiga Settings, can ƙasa Developer settings, sai Personal access tokens, ka zaɓi Fine-grained tokens. Ba shi sunan da zai tuna maka aikinsa. A Expiration sa kwana 7 ko 30. A Resource owner zaɓi mai ma'ajiyar. Idan ta ƙungiya ce kuma ka bar sunanka a wurin, tokin ɗin ba zai gan ta ba. A Repository access zaɓi wannan ma'ajiyar kaɗai. Sannan wurin da aka fi mantawa: a Permissions nemi Contents ka sa Read-only idan jawowa kawai za ka yi, ko Read and write idan za ka riƙa mayar da gyara. Tokin da ba shi da Contents zai shiga, amma ba zai karanta ko layi ɗaya ba. Sau ɗaya tak ake nuna maka shi, yana farawa da github_pat_. Idan ka liƙa shi a wurin Password ba za ka ga komai a allo ba, ko tauraro. Haka aka yi shi, kada ka liƙa sau biyu.

Wasu ƙungiyoyin sai shugaba ya amince da tokin kafin ya fara aiki. Kuma idan ma'ajiyar ta wani mutum ce da ya gayyace ka a matsayin abokin aiki, wannan sabon nau'in yana iya ƙin ganin ta. A nan sai ka koma Tokens classic, mai farawa da ghp_, ka sa alama a repo. Ka san cewa wannan yana buɗe duk ma'ajiyar da kake da iko da ita, don haka ka ba shi gajeren wa'adi.

Yanzu karanta amsar. Idan jerin dogayen lambobi da sunayen rassa suka fito, izininka lafiya, matsalar tana haɗin dandalin, koma mataki na 3. "Authentication failed" na nufin tokin ya mutu, ko an yanke shi wajen kwafa. Lamba 403 na nufin an san ka amma tokin bai kai ga abin da ka nema ba. "Repository not found" bayan ka sa tokin na nufin ma'ajiyar ba ta cikin waɗanda ka zaɓa masa. "Could not resolve host" kuwa ba ruwansa da izini, hanyar intanet ce ta yanke. Idan komai naka daidai ne amma abu ya ƙi, leƙa githubstatus.com, domin shi ma GitHub yakan sami tangarɗa.

6. Inda tokin yake zama

Kada ka rubuta tokin cikin fayil ɗin kod, ko cikin littafin aikin Colab, ko ka ɗauki hoton allo yana ciki ka tura guruf kana neman taimako. Replit da Colab duk suna da wurin da ake kira Secrets, a Colab alamar mabuɗi ce a gefen hagu. Can ake ajiye shi, kod ya kira shi da suna.

A Colab umarnin git clone ba ya iya tsayawa ya tambaye ka suna, sai ya ce "could not read Username". Shi ya sa ake cusa tokin cikin adireshin. Idan za ka yi haka, ɗauko shi daga Secrets ta hanyar userdata.get, kada ka rubuta shi da hannu. Ka kuma sani Git yana adana adireshin yadda ka ba shi, da tokin ɗin a ciki, a fayil ɗin .git/config. Rubuta git remote -v za ka gan shi ɓaro-ɓaro. Goge shi da:

git remote set-url origin https://github.com/mai-ita/sunan-maajiya.git

Akwai hanyar SSH, inda ssh-keygen -t ed25519 ke ƙirƙira maka fayil biyu. Mai ƙarewa da .pub shi kaɗai ake kai wa GitHub, ɗayan ba ya barin injin. Tana da kyau a laftof ɗinka ko a sabar da za ta daɗe. A dandalin da injinsa ke gogewa bayan an tashi, kamar Colab, wahala ce kawai. Idan ka ga "Permission denied (publickey)", adireshin SSH ka ɗauko alhali ba ka da mabuɗi a injin. Koma ka ɗauki na HTTPS.

7. Ya fara shigowa ya tsaya

Wannan ba izini ba ne kuma, nauyi ne. Wasu suna tura foldar node_modules, da bidiyo, da hotunan da ba a matse ba. GitHub yana gargaɗi a kan fayil da ya wuce megabayit 50, yana ƙin wanda ya wuce 100, kuma dandamali suna da nasu iyakar wurin ajiya. Git kuma yana jawo tarihi duka, har da babban fayil ɗin da ka goge bara. Gwada git clone --depth 1 sai adireshin, zai kawo halin da aikin yake ciki yanzu kaɗai.

Idan ka buɗe hoto ko wani babban fayil ka tarar da layi uku na rubutu a madadinsa, ana amfani da Git LFS; rubuta git lfs pull. Idan wata folda ta zo wayam, duba ko akwai fayil mai suna .gitmodules. Wannan na nufin aikin yana jingine da wata ma'ajiyar daban, ita ma tana iya zama mai kulle, ita ma sai an ba da izininta. Masu GitHub Codespaces su lura: izinin da filin ke zuwa da shi na ma'ajiyar da aka buɗe shi daga cikinta ne, sauran sai an rubuta su a devcontainer.json an buɗe sabon fili.

Duba reshe kuma. Tun Oktoba 2020 sababbin ma'ajiyoyi da main suke farawa, tsofaffi da master. Dandalin da aka ce ya nemo ɗaya ba zai kawo ɗayan ba.

8. Ya shigo amma ya ƙi tashi

Shigowa ta yi, saura abin da Git bai ɗauko ba. Fayil ɗin .env, inda mabuɗai suke, yana cikin .gitignore, kuma daidai ne ya kasance a can. Kada ka cire shi don aiki ya tashi. Ka kwafe abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya zuwa Secrets. Sannan npm install ko pip install -r requirements.txt. Idan hoto yana fitowa a laftof ɗinka amma ba ya fitowa a dandali, duba baƙaƙen sunansa. Windows ba ya bambanta Logo.png da logo.png, Linux da dandamalin ke gudana a kai yana bambantawa.

Kafin ka tashi, duba ko filin da aikin ya sauka a ciki a kulle yake. Kullen GitHub ba ya bin kod zuwa wani gida. Shekaru da dama ayyukan da aka buɗe kyauta a Replit kowa na iya ganinsu, kuma tsare-tsaren dandamali suna sauyawa, don haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka. Kwafi adireshin filin, ka buɗe shi a tagar sirri ba tare da ka shiga akawun ba. Idan kod ya fito, kowa ma yana ganinsa.

Ga wanda ya riga ya cire kullen

Idan ka karanta wannan bayan ka riga ka buɗe ma'ajiyar, ko da na minti goma ne, mayar da kullen yanzu: Settings na ma'ajiyar, can ƙasa Danger Zone, sai Change visibility. Amma rufewa ba ta dawo da abin da aka kwasa, kuma wanda ya yi fork, wato ya kwafe ta zuwa akawun ɗinsa, lokacin da take buɗe, kwafinsa yana nan a buɗe. Goge mabuɗi daga fayil ma bai isa ba, yana nan a tarihi. Ka ɗauka duk mabuɗin da ya taɓa shiga ma'ajiyar ya fita. Shiga Paystack ka sabunta mabuɗin sirri, ka canja kalmar sirrin rumbun bayanai, ka kashe duk tokin da ka taɓa turawa ta WhatsApp, ka sa sababbin a Secrets. Idan aikin na wani ne, ka same shi yau ka gaya masa abin da ya faru da abin da ka canja, domin ya sa ido a kan asusunsa, kuma idan akwai bayanan mutane a ciki ya san matakin da zai ɗauka.